Yadda ƙwayoyin cuta suke gane abinci a jikin mutum, da dalilin jinkirta maganin ƙarin jini ga yaro mai tamowa

Wata ɗaliba mai koyon aikin jinya a nan Damagaram ta aiko da tambaya bayan ta gama makonnin horo a ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani. Ta ce ta ga yaro ya ɗashe, tafin hannunsa da cikin idonsa babu alamar jini, amma aka hana ta ba shi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a kwanakin farko, kuma da ta nemi dalili sai aka ce mata ƙwayoyin cuta suna jin ƙarfen. Abin da take son sani shi ne yadda halittar da ba ta da hanci, ba ta da harshe, ba ta da ƙwaƙwalwa za ta san abincin da yake kewaye da ita, kuma idan har ta dogara da abincin jikinmu, me zai hana a kashe ta da yunwa a huta da sayen magani.

Ƴata, wanda ya hana ki bai yi kuskure ba, sai dai ya taƙaita miki magana mai tsawo, kuma kalmar "ji" da ya yi amfani da ita tana bukatar warwara. Bakteriya ƙwaya ɗaya ce tal, tsawon irin wadda ake kira Escherichia coli bai wuce kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, kuma abin da muke kira ganewa a wurinta aikin furotin ne kawai. Akwai furotin iri-iri a fatarta da cikinta, kowanne da gurbin da sinadari ɗaya ne yake zama a cikinsa daidai, kamar makulli da kwaɗonsa. Idan sinadarin ya shiga gurbin sai surar furotin ɗin ta sauya, kuma wannan sauyin ne yake sa ya manne wa wani sashe na ADN, wato zaren da yake ɗauke da umarnin gado na ƙwayar, wanda a Najeriya suke cewa DNA, ko ya sake shi. Sashen da aka manne wa ba a karanta umarnin da yake ɗauke da shi, wanda aka saki kuwa ana karantawa a ƙera abin da ya umarta. E. coli tana da irin waɗannan umarni na gado fiye da 4,000, kuma da za ta aiwatar da su duka a lokaci guda da ta ƙarar da ƙarfinta a banza, shi ya sa rayuwarta duka ta rataya a kan sanin wanda za ta buɗe da wanda za ta rufe.

An fara fahimtar wannan a birnin Paris na Faransa. Jacques Monod ya lura, a aikin da ya kammala a 1941, cewa idan aka haɗa wa bakteriya sukari iri biyu a cikin ruwan da ake renon ta, sau da yawa ba ta cin su tare. Takan cinye ɗaya tukuna, ta tsaya da hayayyafa na ɗan lokaci, sannan ta koma kan na biyu. A 1961 shi da François Jacob suka bayyana yadda abin yake faruwa ga laktos, wato sukarin madara, kuma a 1965 aka ba su kyautar Nobel tare da André Lwoff. Akwai furotin mai tsaro da yake zaune a kan umarnin narkar da laktos, ba ya tashi sai wani sinadari da ake samu daga laktos ɗin kansa ya manne masa. Amma tashin mai tsaron bai isa ba, domin muddin akwai gulukos, wani sukari da ya fi sauƙin ci, ƙwayar ba ta damuwa da laktos. Ƙofar da gulukos yake shiga ta cikinta ita ce ma'aunin: tana liƙa wa kowane gulukos ɗin da ya shigo ɗan sinadarin fosfat, don haka idan gulukos yana kwarara fosfat ba ya taruwa a jikin furotin ɗin ƙofar, idan kuwa ya yanke sai fosfat ya taru, wannan taruwa kuma ta sa a ƙera wani ɗan saƙo mai suna cAMP da yake buɗe umarnin cin sauran nau'o'in sukari. Magidancin da yake da gero a rumbu ba ya aika yara neman anza a daji, sai rumbun ya yi ƙasa.

Kin riga kin ga amfanin wannan ilimi ko da ba a faɗa miki ba. Farantin MacConkey da ake shuka samfurin bayan gida a kansa a ɗakin awo yana ɗauke da laktos, E. coli tana ci ta fitar da tsami sai ta fito ja-ja, Salmonella da Shigella kuwa ba sa ci sai su fito babu launi. Da abin da ƙwaya take ci muke fara gane ta.

Wannan duka lissafin ƙoshi ne. Abin da ya fi shafar cuta shi ne lissafin yunwa, kuma a nan ne amsar tambayarki ta biyu take. Injin da yake saƙa furotin a cikin ƙwaya, wanda ake kira ribozom, yana karɓar tubalan furotin ɗaya bayan ɗaya daga hannun wasu ƴan dako. Idan tubalan suka ƙare sai ɗan dako ya iso hannu wofi, saƙa ta tsaya, wani anzim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, mai suna RelA da yake kusa ya fara ƙera sinadarin ppGpp, wanda Michael Cashel da Jonathan Gallant suka gano a 1969. Wannan sinadari gangar yekuwa ce ta fari. Da zarar ya yawaita, ƙwayar takan daina gina sababbin injuna, ta rage hayayyafa, ta buɗe umarnin ƙera wa kanta tubalan da ta rasa, ta kuma ƙarfafa juriyarta ga wahala. Abin lura shi ne a cikin ƙwayoyi masu sa cuta da yawa wannan ganga ita ce kuma take tayar da makamai, har ma an nuna cewa Salmonella da aka cire mata ikon ƙera ppGpp ba ta iya sa wa ɓera cuta yadda ta saba. A wurin Staphylococcus aureus, mai kawo maruru da ruɓewar rauni, da Clostridioides difficile, mai kawo zawo bayan shan antibiyotik, akwai furotin mai suna CodY da yake danne umarnin dafi muddin wasu tubalan furotin uku da GTP, ɗaya daga cikin sinadaran da suke ba ƙwaya kuzari, suna wadace, ya kuma sake shi idan sun yi ƙaranci. A taƙaice, sau da yawa ƙwayar da ta ƙoshi hayayyafa take yi, wadda ta ji yunwa ce take fasa naman mutum don ta ci abin da yake ciki.

Yanzu mu zo kan ƙarfe, inda nake son ki daɗe. Kusan kowace bakteriya tana bukatar ƙarfe don numfashinta da kwafar ADN ɗinta, jikin baligi kuma yana ɗauke da kimanin giram 3 zuwa 4, wanda ya isa ya ciyar da ƙwayoyi marasa adadi. Sai dai jiki bai bar shi a sake ba. Kimanin kashi biyu cikin uku yana kulle a cikin hemoglobin, furotin mai ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, wani yana ajiye a hanta da saifa da ɓargo a cikin furotin mai suna feritin, ɗan abin da yake yawo a ruwan jini kuma yana riƙe a hannun furotin mai dakonsa, wato transferin, wanda ga mai lafiya kashi ɗaya cikin uku na gurabensa ne kawai yake cike, saura suna jiran duk ƙarfen da ya kuɓuce. A hawaye da majina da nonon uwa akwai laktoferin mai irin wannan aiki. Idan cuta ta shiga, hanta takan ƙara fitar da sinadarin hepsidin, wanda yake toshe shigowar ƙarfe daga hanji ya kuma hana fitowarsa daga ma'ajiya, shi ya sa mai doguwar jinya yakan nuna ƙarancin jini ko da ƙarfen yana nan a ajiye. Eugene Weinberg ya kira wannan garkuwar abinci a shekarun 1970. Wato kashe ƙwayoyi da yunwa da kike ba da shawara, jiki ya daɗe yana yin sa.

Su ma ƙwayoyin ba su zauna ba. A cikinsu akwai furotin mai suna Fur, wanda idan ƙarfe ya wadata yakan riƙe shi ya zauna a kan umarnin neman ƙarfe, idan ya yi ƙaranci kuma ya tashi. Tashinsa saƙo biyu ne a lokaci ɗaya: babu ƙarfe, kuma mai yiwuwa an shigo jikin mai rai, domin samun wuri mai ɗumi da laima da abinci amma babu ƙarfe a sake alama ce ta jiki. Daga nan sai ƙwayar ta saki wasu ƙananan sinadarai da ake kira sidarofo, waɗanda riƙonsu ga ƙarfe ya fi na transferin ƙarfi, su fizgo shi su dawo mata da shi. Jiki ya tanadi furotin mai suna lipokalin 2 da yake cafke wanda E. coli take saki, Salmonella kuwa takan liƙa wa nata gulukos ta yadda lipokalin ba ya iya kama shi. Ƙwayar sanƙarau, Neisseria meningitidis, wadda jihar nan ta san ta sarai a kowane rani kuma ta sake yin ɓarna a ƙarshen 2022 zuwa 2023, ba ta wahalar da kanta da wannan, tana da furotin a fatarta da suke damƙe transferin ɗin ɗan Adam su zare ƙarfen kai tsaye. Waɗannan furotin ba sa kama transferin ɗin akuya ko tunkiya, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙwayar ba ta da mazauni sai mutum.

Misalin da ya fi kowanne bayyana lamarin shi ne mashaƙo, wanda ya ɓulla a yankin Matamaye a 2023 bayan ya yi tsanani a Kano. Ƙwayarsa, Corynebacterium diphtheriae, tana zama a maƙogwaro, ba kasafai take ratsawa cikin jini ba, dafinta ne yake tafiya ya lalata zuciya da jijiyoyi ta hanyar tsayar da saƙar furotin a ƙwayoyin jikin mutum. Umarnin wannan dafi ba nata ba ne na asali, wani birus ne mai kama bakteriya ya kawo mata shi, kamar yadda Victor Freeman ya nuna a 1951, amma makullin yana hannunta. Furotin mai suna DtxR yana rufe umarnin idan yana riƙe da ƙarfe, yana buɗe shi idan ƙarfe ya yanke. Tun a 1936 Pappenheimer da Johnson suka lura cewa yawan dafin da ƙwayar take fitarwa ya danganta da yawan ƙarfen da yake cikin ruwan renonta, kuma har yau masu haɗa rigakafi suna renon ta a ruwa mai ƙarancin ƙarfe don ta ba su dafi mai yawa, sannan su kashe kaifinsa da fomalin bisa hanyar da Gaston Ramon ya samar a 1923. Wannan dafi da aka dakushe yana cikin allurar Penta da kike yi wa jarirai. Fassarar da masana suka fi karɓa ita ce dafin kayan neman abinci ne, domin ƙwayoyin jikin da suka mutu suna sakin ƙarfen da yake cikinsu. Dafin Shigella dysenteriae mai kawo atini da jini shi ma Fur ne yake riƙe da linzaminsa.

Kada wannan ya kai ki ga tunanin cewa ƙara wa mai mashaƙo ƙarfe zai kwantar da ƙwayar. Abin da yake cetonsa shi ne maganin karya dafi da wuri, tun dafin bai shiga ƙwayoyin jiki ba, tare da antibiyotik. Abin da misalin yake nunawa shi ne yunwa ba ta kashe ƙwayar cuta kai tsaye, sauya mata hali take yi, kuma sabon halin ba koyaushe yake yi mana daɗi ba.

Ba ƙarfe kaɗai suke aunawa ba. Yawancin bakteriya suna da na'urori masu sassa biyu, ɗaya a fata yana saurare ɗaya a ciki yana aiwatarwa, saƙo yana wucewa tsakaninsu ta miƙa fosfat, kuma E. coli tana da kimanin 30. Salmonella, wadda ƙwayar taifot take cikin danginta, idan makrofaj, wato ƙwayar garkuwar jiki mai haɗiye baƙin ƙwayoyi, ya haɗiye ta don ya kashe ta, na'urarta mai suna PhoQ takan ji ƙarancin magneziyam da tsamin wurin, ta sanar da PhoP, shi kuma ya sa a sauya fatar ƙwayar ta yadda za ta rayu a cikin wanda ya haɗiye ta. Ƙwayar kwalara tana jin sinadaran matsarmama a hanji, tana kuma ƙidayar ƴan'uwanta ta wani sinadari da kowace take saki, idan sun yi yawa sai su rage dafi su saki bangon hanji su fita da zawo zuwa ruwan da wani zai sha. Akwai kuma wani irin Salmonella mai kawo zawo da take tayar da kumburi a hanji da gangan, idan za a iya cewa ƙwaya tana da ganganci, domin kumburin yana samar da sinadarin tetratiyonat da take numfashi da shi inda babu oksijin, alhali yawancin ƙwayoyin hanji masu amfani ba sa iyawa. An wallafa wannan a 2010 daga jami'ar Kalifoniya da ke Davis. A ganina wannan ne ya fi nuna illar shan antibiyotik barkatai daga hannun masu talla a kasuwa, domin ƙwayoyin hanji na gida su ne suke cinye abincin da baƙuwar ƙwaya za ta samu, idan aka share su an buɗe mata rumbu.

Sai tarin fuka, wanda ya nuna ɗaya fuskar yunwa, wato kwanciya. Ƙwayar da Robert Koch ya bayyana a 1882 mai nawa ce tun asali, tana ɗaukar kusan yini guda kafin ta rabu biyu, alhali E. coli a wuri mai daɗi minti 20 ya ishe ta. A cikin huhu kitse da kolestarol na mai cutar take ci, kuma idan garkuwar jiki ta kewaye ta oksijin ya ragu, na'urar DosR takan buɗe umarni kusan 50 da suke kai ta ga wani irin barci. Matsalar ita ce yawancin magungunanmu aiki suke kai wa hari, wato ginin bango ko saƙar furotin ko kwafar ADN, kuma ƙwayar da ta dakatar da aiki ba ta ba su abin bugu. Joseph Bigger ya lura da haka a 1944, lokacin da ya ga penisilin yana kashe kusan dukan ƙwayoyin Staphylococcus amma kullum ƴan kaɗan suna saura, kuma idan suka farfaɗo jikokinsu suna mutuwa da penisilin kamar kowa. Wato ba juriyar gado ba ce, kwanciya ce. Wannan yana cikin dalilan da suka sa maganin tarin fuka yake ɗaukar wata 6, kuma shi ne abin da ya kamata ki fahimtar da majinyacin da ya ji sauƙi a wata na biyu yana son ya daina.

Mu koma ga yaronki. Mai tamowa mai tsanani hantarsa ba ta ƙera transferin isasshe, domin shi ma furotin ne kuma babu tubalan gina shi. Idan kika ba shi ƙarfe a ranar farko, babu hannun da zai riƙe shi, ɓargo ma bai shirya gina sabon jini da shi ba, sai ya yi yawo a sake. Illa biyu ce: ƙarfe a sake yana haifar da sinadarai masu ƙona ƙwayoyin jiki a lokacin da kariyar yaron daga gare su ta yi rauni, kuma yana ciyar da ƙwayoyin cutar da ake ɗauka suna jikin kowane irin wannan yaro ko da ba ya masassara, abin da ya sa ake ba shi antibiyotik tun daga shigowa. Ƙarfen da bai shiga jini ba ma yana wucewa cikin hanji inda dangin E. coli da Salmonella suke jiransa. Saboda haka madarar F-75 da ake fara ba su ba a ƙara mata ƙarfe ba, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jira sai sha'awar abinci ta dawo yaro ya fara ƙara nauyi, wanda yawanci yakan kai mako na biyu. Idan an mayar da shi kan abincin nan na gyaɗa da ake bayarwa a leda, ƙarfen yana ciki, ba a ƙara masa wani. Idan kuwa jinin ya yi ƙasa ƙwarai, hemoglobin ya gaza giram 4 a desilita, ko yana tsakanin 4 da 6 yaro yana numfashi da ƙyar, maganar ƙara masa jini ta jijiya ce a hankali bisa umarnin likita, domin ƙwayar magani ba za ta cim ma wannan gaggawar ba.

Akwai abin da ya faru a tsibirin Pemba na Tanzaniya da ya kamata ki sani, tunda mu ma ƙasar masassarar cizon sauro ce. A binciken da aka wallafa a 2006, wanda ya ƙunshi yara kimanin 24,000 ƴan ƙasa da shekara 3, waɗanda aka riƙa ba ƙarfe da folik asid kullum sun fi sauran yawan kwanciya asibiti ko mutuwa, har aka dakatar da ba su kafin wa'adi. Ƙwayar cizon sauro ba bakteriya ba ce, amma ita ma mabukaciyar ƙarfe ce. Nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa bayar da ƙarfe ba shi da wannan haɗari inda ake rigakafin masassarar ana kuma gano ta a yi maganinta da wuri, kuma ƙarancin ƙarfe shi kansa yana cutar da girman yaro da ƙwaƙwalwarsa, yana kuma jefa mai ciki cikin haɗari. Don haka idan yaron ya wuce matakin farko, an duba jininsa babu masassara ko an yi maganinta, ya fara karɓar kofi da hannunsa yana neman ƙari, ki tabbata ya samu ƙarfen nan ta hanyar da ƙa'idar ɗakinku ta tsara, ki kuma bayyana wa uwarsa cewa bayan gidansa zai iya yin baƙi idan ruwan maganin aka ba shi, don kada ta tsorata ta daina.